Yawon arba'in a Landan

Da a Kano Yaya ta haihu, ranar da ta yi arba'in da tun hantsi mun fita. A fara da gidan kakanni a cikin gari, a biya gidan gwaggo, a leƙa na kawu, duk inda aka shiga a ajiye wa jaririya sabulu ko turmin atamfa, sai magariba a dawo da ƙafa a kumbure. To a Barking ta haihu, can gabashin Landan, inda danginmu kaf ba su wuce mutum shida ba, kuma duk shidan a gida ɗaya muke kwana: Yaya da mijinta, ɗansu mai shekara bakwai, jaririyar da aka yi wa Hajiyarmu takwara, sai ni da Hajiyar da muka taso daga Kano saboda jegon. Wa za a kai wa yawon arba'in?

Mijin Yaya ne ya kawo shawara, kuma kamar kullum ta bakina ya bi. Hajiya na zaune a falo, tsakaninsu bai fi taku uku ba, amma ni ya kalla ya ce, "Ki gaya wa Hajiya akwai wani baje kolin tufafin Afirka da ake yi a cikin gari. Idan ba za ta gaji ba, sai mu je ranar Asabar, mu ci abincin rana a can." Hajiya ma ni ta kalla ta ce, "Ki ce masa Allah ya kai mu."

Haka muka yi kwana arba'in. Gida mai ɗaki biyu, bango kamar kwali, amma ko sau ɗaya Hajiya ba ta ga surukinta yana tauna ba, shi ma bai ga tata lomar ba. Da safe zai durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa fuskarta na kallon taga. Abincinsa a kicin yake ci, a tsaye, wani lokacin ma a mota. Ita kuwa Yaya 'yar fari ce, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanta a bakin Hajiya ba, sai dai "waccan" ko "uwar yaran nan". Asali ma gwaggonmu ce ya kamata ta zo jegon, ciwon ƙafa ya hana ta. Duk wannan na faɗe shi ne don a gane abin da ya faru a teburin cin abinci, domin shi ne labarin. Sauran duk hanya ce.

Ƙarshen watan Agusta ne na 2022, shekarar da Ingila ta ɗanɗani irin namu. Ranar 19 ga Yuli zafi ya haura digiri 40, karon farko tun da suka fara auna shi a ƙasar, kuma a idonmu aka yi, Yaya na tsakiyar wankan jego da tafasasshen ruwa, Hajiya ta ce ko rana za ta sauko ƙasa ba za a fasa ba. Da muka hau jirgin layin District daga Barking, wanda yake tafiya a sarari kafin ya nutsa ƙasa bayan Bromley-by-Bow, duk filayen da muke wucewa ciyawarsu ta bushe ta yi ja. Hajiya ta daɗe tana kallo ta ce, "Ashe su ma suna rani."

An yi ƙaramar rigima kafin mu fito a kan keken jarirai. Yaya na son a tura, Hajiya ta ce ita ba ta san a saka mutum a amalanke ba alhali ga baya. Ita ta yi nasara. Ta goya takwararta da zane, ta ɗaure da majanyi, ta yafa mayafi a kai, muka sauka a tashar South Kensington. Daga tashar akwai doguwar hanya ta ƙarƙashin ƙasa da aka gina tun 1885 don masu zuwa gidajen tarihin unguwar, mai tsawo da amsa-kuwwa, wani saurayi na busa a tsakiyarta da hula a gabansa. Muka ɓullo a titin Exhibition Road. A bangon dutsen da ke gefen ƙofar shiga gidan tarihin da muka nufa akwai ramuka-ramuka kamar an sassare shi da gatari, tabon bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu ne, suka bar shi da gangan ba su liƙe ba. Ɗan Yaya ya zura yatsa a ɗaya. Hajiya ta ce, "Yaƙin Hitila ke nan, maigida. Ƙanin kakana a shi aka kai shi Bama."

Gidan shi ne na Victoria da Albert, wanda kowa a garin yake yanke wa suna ya ce V&A. An kafa shi a 1852, ya koma wannan unguwa a 1857, sai a 1899 aka raɗa masa sunan Sarauniya da mijinta. Shiga kyauta ne, baje koli na musamman ne kawai ake yankar tikiti. Namu sunansa Africa Fashion, an buɗe shi a farkon Yulin shekarar, ya kai har Afrilun 2023.

Hawa biyu ne. Na ƙasa na zamanin samun 'yancin kai ne, na sama na matasan masu zanen tufafi na yanzu. Zan faɗi gaskiya, na sama ni da Yaya ya burge. Hajiya ta hau, ta zaga sau ɗaya, ta tsaya gaban wata riga da aka bar mata kafaɗa ɗaya a waje ta ce yadi ne bai isa ba, ta sauko. A ƙasa ta yada zango.

Can ne aka jera zannuwan asali: kenten Gana, kangar gabashin Afirka mai rubutun karin magana a gefe, bogolan na Mali da ake rinawa da taɓo, da zane mai hoton Nelson Mandela da aka buga bayan an sako shi daga kurkuku, wanda Hajiya ta ce ankon siyasa ne, ba wani abu ba. Akwai ɗinkin Chris Seydou, mutumin Mali da ya ɗauki bogolan ya yanka shi kwat da siket, da na Kofi Ansah na Gana, da na Alphadi na Nijar, wanda aka haifa a Tumbutu, ya kuma kafa bikin nunin tufafi na FIMA a 1998 a saharar Tigidit kusa da Agadas. Adon ƙarfen da ke jikin rigarsa ko ba a gaya maka ba ka san daga hannun maƙeran Buzaye aka ɗauko shi. Yaya ta fi daɗewa a gaban kayan Shade Thomas-Fahm ta Legas, saboda matar ta zo Ingila a 1953 da niyyar karatun jinya, ta ɓige da karatun ɗinki, ta koma gida a 1960 ta buɗe shagonta. Ita Yaya jinyar ta riƙe. Da na fassara wa Hajiya cewa wannan matar ce ta yi fice da zane mai zif da ɗaurin kai ɗinkakke don matan da ke sammakon zuwa ofis, sai ta ce, "To ita ce ta lalata ku ke nan. Yanzu a cikinku wa ta iya ɗaura zane ya kai azahar?"

Gaban adire ne ta yi shiru. Zane ne na Yarabawa, aikin matan Abekuta da Ibadan, ana zana shi da kokon rogo kafin a tsoma a baba, inda kokon ya taɓa ya fito fari-fari, sauran ya sha shuni. Hajiya ta matsa har numfashinta na dusashe gilashin. Na ga hannunta ya ɗago ya koma. Ta ce da ni a hankali, "Zane da hannu ake ganinsa. Wannan an tsoma shi ya fi sau goma." Ban ce komai ba, don ban san ta inda ta sani ba. Ita kanta a lokacin kallonta ake yi. Tsohuwa da atamfa da mayafi da goyo a tsakiyar mutum-mutumin da aka sanya wa kayan Afirka, ai dole. Wata Baturiya mai furfura ta tambayi Yaya ko jaririyar ba za ta zame ba. Da aka fassara, Hajiya ta ce a gaya mata bakwai ta goya, ba wanda ya faɗi.

Da muka fito, zaure na gaba na kayan Indiya ne, nan ɗan Yaya ya samu nasa. Damisar katako ce ta danne wani sojan Bature tana cizon wuyansa, a cikinta akwai na'urar busa, idan aka juya hannu sai ta yi gurnani shi kuma ya yi nishi. An yi ta ne don Tipu Sultan, sarkin Mysore, Turawan Ingila suka kwaso ta a 1799 bayan sun ci garinsa sun kashe shi. Ban san me ya fi ba ni mamaki ba, sarkin da ya sa aka sassaƙa masa haushinsa, ko waɗanda suka ɗauko haushin suka ajiye a gilashi suna nuna wa 'ya'yansu.

Sai zauren Jameel na kayan ƙasashen Musulmi. A tsakiyarsa dardumar Ardabil take shimfiɗe cikin wani ƙaton akwatin gilashi, tsawonta ya haura mita 10, faɗinta ya haura 5. An saƙa ta a Iran, an rubuta shekarar a jikinta, 946 bayan Hijira, wato wajen 1540, tare da sunan Maƙsud Kashani. Da muka iso a duhu take. Mijin Yaya ya duba agogo ya ce mu ɗan jira, minti goma kawai ake haska ta duk bayan rabin awa don kada haske ya cinye launinta. Muna tsaye fitilun suka kama, furanni suka taso daga cikin shuɗi mai duhu, ga fitilu biyu na masallaci an saƙa su suna rataye daga tsakiya. Hajiya ta yi salati. Sannan ta tambaya sahu nawa za ta ɗauka.

Yunwa ta fara magana, jaririya ma ta motsa. Hanyar zuwa wurin cin abincin ta ratsa wani dogon zaure na gumakan farin dutse, maza da mata, yawancinsu ko ɗan kamfai babu. Ban taɓa ganin mijin Yaya ya yi sauri irin na ranar ba. Kansa a ƙasa ya wuce kamar wanda aka aika. Hajiya ta ja mayafi, ta rufe wa jikanta ido da tafin hannu, tana tafe tana a'uziyya. Sai da muka fita tsakar gidan ta ce, "Gida cike da tufafi, an rasa wanda za a yafa wa bayin Allahn nan." Ni da Yaya muka riƙe juna don dariya.

Tsakar gidan fili ne da jan gini ya kewaye, da wani kwarmin ruwa marar zurfi a tsakiya, yara sun tuɓe takalma suna ta facal-facal. A ɗaya gefen wurin cin abincin yake. Ɗakuna uku ne a jere, an gina su a shekarun 1860, kuma da su ake cewa wannan ne gidan tarihi na farko a duniya da ya tanadi wurin cin abinci. Shugabansa na farko, Henry Cole, shi ya ga cewa mai jin yunwa ba ya kallon zane. Shi ne kuma ya sa aka saka fitilun gas don a riƙa buɗewa da dare, leburan da ya wuni a wurin aiki ya samu inda zai kawo iyalinsa maimakon ya zarce mashaya. Har takardar abinci iri biyu suka yi a lokacin, ta masu hali da ta masu ƙaramin ƙarfi.

Tsarin yanzu na ɗauki-da-kanka ne. Ka ɗauki tire, ka bi layi, ka nuna abin da kake so, ka biya, sannan ka nemi wurin zama. Nama dai mun bar musu, tunda ba mu ga yankansa ba. Muka ɗauki gasasshen kifi da dankalin Turawa, da miyar kayan lambu mai ruwa-ruwa da burodi, da wani haɗin ganye da wake. Yaya ta ƙara da abin da suke kira scone, wani abu tsakanin burodi da kek, ana tsaga shi a shafa kirim mai kauri kamar man shanun da ba a soya ba, a ɗora maɗin 'ya'yan itace. Sai shayi a ƙananan butoci. Hajiya ta tambayi nawa aka kashe. Mijin Yaya ya dunƙule rasit ɗin ya cusa a aljihu ya ce da ni, "Ki ce mata ba yawa." Ya san da ta ji, sai ta buga shi da naira, ta ce kuɗin buhun shinkafa ne, abincin ya ƙi wucewa.

Muka fara leƙa ɗakin hagu, wanda ake kira da sunan William Morris. Kore ne shar, mai duhu-duhu, da rassan zaitun a bango da tagogi masu gilashi kala-kala. Wannan Morris ɗin yana cikin waɗanda suka matsa a sayi dardumar da muka baro, aka biya fam 2,000 a 1893. Babu kujera ko ɗaya. Muka leƙa na dama, na Edward Poynter, wanda aka lulluɓe da tayil shuɗi da fari, ɗalibai mata na makarantar zane da ke haɗe da gidan ne suka zana su da hannu. A jikin bango har yanzu ga ƙaton murhun ƙarfe da ake gasa nama a da, a gaban mai saye. Hajiya ta ce, "Tukubar mai tsire." Nan ma a cike.

Ɗakin tsakiya, na James Gamble, shi ne babba, kuma shi ne wanda ya tsayar da Hajiya a bakin ƙofa. Tun daga ƙasa har sama ba inda aka bari haka nan. Ginshiƙai na tangaran masu ruwan zuma da fari, madubai, dogayen tagogi masu zane, rufi na ƙarfe mai fenti irin na kwanon sha, ga wasu manyan fitilu kamar ƙwallaye suna reto. Dalilinsu na yin sa haka na masu hankali ne: tangaran ba ya cin wuta, ba ya riƙe ƙaurin abinci, kuma da ruwa ake wanke shi. Amma Hajiya ba wannan ta gani ba. Ta ce, "Wannan ai jere ne. Ɗakin amarya ne." Ta ce haka ɗakinta yake a shekarar da aka kawo ta, tasa da kwalla da langa tun daga kan kabad har rufi, ana goge su duk Juma'a, ba a cin abinci a ko ɗaya.

A nan ne wasu suka tashi, muka samu tebur. Guda ɗaya, ƙarami, mai kujera biyar.

Ni na fara lura, sai Yaya. Mijinta ya ajiye mana tire, ya raba wa kowa faranti, ya zuba wa ɗansa ruwa, sannan ya ɗauki nasa ya fara waige-waige. Ba wurin zama a ɗakin, ba a sauran biyun, a waje kuma rana ce da cincirindon yara. Ya ce da Yaya ƙasa-ƙasa zai ɗan tsaya daga can bakin ƙofa. Ɗansa, wanda Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa da neman abinci ba, ya riƙe masa riga yana tambaya da Turanci me ya sa, ga kujera. Ba wanda ya amsa masa. Me za ka ce wa yaron da aka haifa a Barking?

Hajiya tana kwance goyo a lokacin. Ta miƙa wa Yaya jaririyar ba tare da ta kalle ta ba, ta ninke majanyin, ta ɗora a cinya. Sannan, ba ta bakina ba, ta ce, "Malam, zauna. Tafiya ce. A tafiya ko salla ƙasaru ake yi."

Ya zauna a bakin-bakin kujera kamar wanda aka kira gaban alƙali. Ita kuma ta ɗan karkata tata kujerar ta fuskanci ginshiƙi, ta sauko da mayafi ta gefen da yake. Na ɗan lokaci ba ka jin komai a teburinmu sai ƙarar cokali. Hajiya ta ɗanɗani kifin, ta yi shiru, ta buɗe jaka ta fito da 'yar robar yajin da ta taho da ita tun daga Kano, mai citta da kanumfari da masoro, ta barbaɗa. Ta ba ni, na ba Yaya. Robar ta tsaya a tsakiyar tebur. Can sai Hajiya ta sa ɗan yatsa ta tura ta gefen surukinta, idonta na kan ginshiƙi. Ya sa hannu biyu ya ɗauka.

Ni na fasa shirun, don na ga idan aka ci gaba haka wani zai ƙware. Na tambaye ta yadda aka yi ta san sau nawa aka tsoma zanen nan. Ta ce yo ba a gidan rini aka haife ta ba? Mun san kakanmu marini ne, amma sani irin na sunan unguwa, tunda ya rasu kafin a haife mu, kuma Hajiya ba mai yawan waiwaye ba ce. Ranar sai ga shi ta buɗe. Ta ce tana yarinya ita ke kai masa abinci karofi, ta tarar da shi a bakin rami, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu, shuɗin da bai taɓa fita ba har aka yi masa wankan gawa. Ta faɗi yadda ake haɗa baba da toka da katsi a bar su su yi kwanaki suna tsima, yadda ake gane marina ta nuna daga kumfa da wari, yadda zane yake fitowa kore-kore daga ruwa sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka. A tsoma, a ɗaga, a tsoma, a ɗaga. Ta ce na talaka sau kaɗan ne, na mai kuɗi sai ya yi baƙi. Daga nan a kai wa mabuga su buge shi da shuni har ya riƙa ɗaukar ido, irin turkudin Kura da Buzaye suke tahowa tun daga Agadas su saya, ya zuba a fatarsu suna murna. Ta ce waccan rigar ta mutumin Nijar da muka gani, ita da ta kalle ta fataken da suke sauka a zauren babanta ta tuna.

Sai ta ce abin da ya kashe sana'ar a gidansu atamfa ce, kuma da hannunta a ciki, don bayan aurenta ita ma atamfar ta riƙa sayarwa daga cikin gida, 'yar Kaduna, dillaliya na zagawa da ita gidajen biki.

A nan mijin Yaya ya ajiye cokali. Ya ce, kansa a sunkuye, "Hajiya, ai Baba a masaƙar ya yi aiki. A Kakuri aka haife ni." Ta ce, "Wacce daga ciki?" Ya ce UNTL, ɓangaren buga zane, shekara ashirin da wani abu, har aka rufe a 2007. Ya ce yana yaro da jiniyar canjin aiki suke sanin lokaci, idan aka tashi titi ya cika da kekuna har ba ka iya tsallakawa, kuma duk sallah da kyauron atamfar da ake ba ma'aikata ake yi musu ɗinki, shi da ƙannensa mata duk iri ɗaya. Hajiya ta juyo. Ba duka ba, amma ta juyo. Ta fara lissafa masa zanen atamfofin da ta sayar da sunayen da mata suka raɗa musu, yana cewa wannan ya san ta, waccan babarsa tana da ita. Shekara tara da auren, kuma an yi bincike kafin a ba shi, an san gidansu, an san asalinsu. Amma wannan hirar ba a taɓa yin ta ba, don babu inda za a yi ta. Yaya ta bar scone ɗinta a tsage tana kallon su, kamar mai kallon wasan ƙwallo.

Na tambayi Hajiya ko akwai abin da ya rage na hannun kakanmu. Ta ce akwai wani zanen saƙi da ya rina wa babarta, baƙi wuluk, mai nauyi, aka sa mata shi a ƙasan adaka da za a kawo ta. Na ce yana ina? A raina har na fara tunanin gilashi da fitila. Ta ce, "Ya mutu tuni. Goyo ya cinye shi." Ta kurɓi shayi, ta kalli fitilun sama, ta ce, "Da shi na goya waccan. Ba ta yarda da kowane zane sai shi. In an sa wani ta yi ta tsala ihu har maƙwabta su aiko."

Yaya ta sunkuyar da kai kan jaririyarta tana gyara mata hular da ba ta karkace ba. Ni dai a iya sanina wannan ne karo na farko da Hajiya ta ba da labarin yarintar Yaya a gabanta. Ba wanda ya ce komai. Ɗan Yaya ne ya cece mu, ya miƙa hannu zai ɗauki maɗi ya ture butar shayi, ta malale tebur ta gangara ƙasa. Muka tashi ana ta goge-goge da takarda, uban yana ba maƙwabtan teburinmu haƙuri, Hajiya na cewa a bar mata mijinta, ai don haka aka yi ɗakin da tangaran.

Scone ɗin, a ra'ayina, bai kai yadda ake zuzuta shi ba, in ba don kirim ɗin ba ƙosai ya fi shi sau goma. Hajiya kuwa ta cinye nata, ta naɗe rabin na Yaya a takarda ta sa a jaka.

Da muka fito tsakar gida, maigidan Hajiya ya tuɓe takalma ya faɗa ruwan nan, wando da komai. Muka zauna a kan matakalar dutse muna jiransa, Yaya ta juya baya ta lulluɓa tana shayarwa. Hajiya ta ɓare goro, ta ba ni ɓari, ta riƙe ɗayan a hannu tana juya shi. Mijin Yaya yana can nesa da mu, tsaye a bakin ruwa da takalman ɗansa a hannu. Ta ce in kai masa.

A jirgin komawa duk suka yi barci sai ni da ita. Wajen West Ham ta ce idan mun koma Kano in raka ta Ƙofar Mata, tana son ta sa a rina wa takwararta zanen goyo, na gaske, wanda aka tsoma da yawa. Na ce to wa zai goya ta da shi a Landan? Ta ce in bar wannan a hannunta.

Da daddare Yaya ta yi tuwon semo da miyar kuka. Mijinta ya shigo falo, ya durƙusa ya yi wa Hajiya ban gajiya, ta amsa tana kallon taga. Ya ɗauki farantinsa ya nufi kicin, ba ta ce ya zauna ba. Sai da ya shige ta laluba jaka, ta kira jikanta, ta danƙa masa robar yajin ta ce, "Ungo, maigida. Kai wa babanka."